Kalmar “Book” ta Ingilishi: Tarihinta, Ma’anoninta da Zancen Dangantakarta da “Boko”

1.0 Gabatarwa

Cikin kalmomin Ingilishi da ɗan makaranta yake fara cin karo da su, da wuya a sami wadda ta riga “book” shiga kunnensa. Malami yakan ɗaga littafi sama ya faɗi sunansa, yara su amsa, shi ke nan an wuce wurin, a kan cewa “book” littafi ne, littafi kuma “book” ne. Amma duk wanda ya yi nisa a karatun Ingilishi ya san maganar ba ta tsaya nan ba. Da kalmar nan ake kama wurin zama a jirgi, da ita ɗan sanda yake shigar da sunan wanda ya kama, da ita alƙalin wasa yake gargaɗin ɗan ƙwallo, daga gare ta kuma aka ƙera sunan mai karɓar kuɗin caca a filin sukuwa.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun kalmar tun daga tushenta, a nuna cewa waɗannan ma’anoni da suke kamar a warwatse zare ɗaya ne ya ɗinke su, watau cewa abin da aka shigar a rubuce ya zama hujja, ba a tayar da shi da fatar baki. Bayan haka za a duba wata magana da ta daɗe tana yawo a azuzuwa da jaridu, cewa kalmar “boko” ta Hausa daga “book” aka aro ta.

2.0 Tushen kalmar

A Tsohon Ingilishi, watau harshen da aka yi magana da shi a Ingila daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 11, siffar kalmar ita ce “bōc”, da dogon wasalin o. Tana da ’yan’uwa a sauran harsunan dangin Jamusanci: “Buch” a Jamusanci, “boek” a harshen Holan, “bok” a harshen Suwidin. Mafi tsufan shaidarta a rubuce yana cikin harshen Gotawa, wanda limaminsu Wulfila ya fassara Baibul a cikinsa a ƙarni na 4. A wannan harshe “boka” harafi ɗaya take nufi, jam’inta “bokos” kuwa shi ne takarda ko littafi, watau tarin haruffa. Ke nan ma’anar farko da aka riska ta fi kusa da alamar da aka rubuta, ba ta kai ga ɗinkakkun warƙoƙi masu bango ba tukuna.

To daga ina kalmar ta fito? Ra’ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa sunan itace ne. Akwai wata babbar bishiya a dazuzzukan Turai mai santsin ɓawo, wadda Ingilishi yake kira “beech”, Jamusanci kuma “Buche”. A Tsohon Ingilishi ɗaya daga sunayenta shi ne “bōc”, daidai da sunan littafi. Masu wannan ra’ayi suna cewa mutanen da suna sassaƙa alamomi a jikin sanduna da allunan wannan itace, har sunan itacen ya koma sunan abin da aka rubuta a kansa. Suna kafa hujja da kalmar harafi, wadda a Jamusanci har yau ake ce mata “Buchstabe”, a Tsohon Ingilishi kuma “bōcstæf”, gaɓar ƙarshe tana nufin sanda. Suna kuma kawo bayanin marubucin Rumawa Tacitus, wanda a shekarar 98 Miladiyya ya siffanta yadda ƙabilun Jamus suke yanka reshen itace ƙanana-ƙanana, su yi musu alamomi, su watsa a kan farin ƙyalle domin duba. Rubutu a kan itace ya daɗe bai mutu ba a arewacin Turai, domin bayan gobarar da aka yi a unguwar Bryggen ta birnin Bergen a Norwe cikin 1955, masu haƙa sun tono rubuce-rubuce fiye da 600, akasarinsu a jikin ’yan sanduna, wasu shaidar mallakar kaya, wasu wasiƙun ciniki.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a tarihin harsuna. A Latin “liber”, watau littafi, asalinta ɓawon itace na ciki ne, “codex” kuma gungumen itace. A Girkanci “biblos” sunan ciyawar nan ce ta bakin Kogin Nilu da Misirawa suke yin takarda da ita, daga jam’in wata siffarta kuma aka sami sunan Baibul. Wanda ya yi karatun allo ba zai yi mamakin a ce rubutu da itace sun yi tarayya a suna ba.

Ta fuskar furuci, dangantakar sunan bishiyar da takwaransa na Latin, “fāgus”, ta tabbata bisa ga ƙa’idar sauyin baƙaƙe da Jacob Grimm ya tsara cikin 1822. Inda Latin yake da f a farkon irin waɗannan kalmomi, Ingilishi b yake da shi, kamar “frāter” da “brother”. Inda Latin yake da g, Ingilishi k yake da shi, kamar “ager” da “acre”. Dogon a na Latin kuwa yakan zo daidai da dogon o na Tsohon Ingilishi, kamar “māter” da “mōdor”. Sautuka uku ke nan, kowanne ya faɗa gurbinsa. Inda aka yi saɓani shi ne ko sunan bishiya da sunan littafi kalma ɗaya ce tun fil azal. Babban ƙamus na Oxford, a kashin da James Murray ya fitar cikin 1887, ya nuna shakka, saboda tsofaffin siffofin kalmomin biyu ba rukuni ɗaya suke bi ba a nahawu. Duk da haka yawancin masana a yau sun karkata ga cewa tushensu ɗaya. Abin lura a nan shi ne irin tankaɗe da rairayar da aka yi kafin a yarda da dangantakar kalmomi biyu masu kama da juna a cikin harshe ɗaya. Za a koma ga wannan ma’auni a kashi na 7.

3.0 “Bōc” a matsayin takardar mallaka

Lokacin da Augustine ya sauka a ƙasar Kent cikin 597 da saƙon Paparoma Gregory, ya zo wa Ingila da addinin Kirista, da harshen Latin, da kuma littattafan fata masu ɗinki. Mutanen ƙasar ba su ari “liber” ba. Tsohuwar kalmarsu suka ɗauka suka ɗora wa sabon abin, har suka ƙera wasu daga jikinta: “bōcere” malami ko marubuci, “bōchord” taskar littattafai, “bōccræft” ilmi, “Crīstes bōc” Linjila.

Amma limaman sun zo da wani abu da ya fi littafin ibada taɓa rayuwar jama’a, watau rubutacciyar shaidar kyautar ƙasa. Kafin zuwansu ƙasa tana hannun mutane bisa ga al’ada, shaidarta kuwa bakin dattawa ne. Majami’u ba su gamsu da haka ba, domin suna son mallakar da za ta wanzu bayan mutuwar sarkin da ya yi kyautar. Sai aka shiga rubuta kyautar a warƙar fata guda ɗaya, da Latin, sarki da manyan fadawa su sa alamar gicciye a matsayin shaida. Mafi tsufan irin wannan takarda da ta rage da ainihin fatarta ita ce wadda Sarki Hlothhere na Kent ya bayar cikin 679. Wannan warƙa guda ita ma “bōc” ake ce mata. Ƙasar da aka mallaka ta hanyarta “bōcland” ce, sabanin “folcland” da ake riƙe da ita bisa ga al’ada. Mai “bōcland” yana iya sayar da ita ko ya yi wasiyya da ita ga wanda ya so, kuma idan shari’a ta taso, wanda takardar take hannunsa shi ne a gaba. Garuruwa da dama a kudancin Ingila da ake kira Buckland daga nan sunansu ya samo asali. Aikatau ma a nan ya fara, domin “bōcian” a wancan zamani ma’anarsa a ba da ƙasa da rubutacciyar shaida.

Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya haɗa ma’anonin biyu a aikinsa. Ya sa an fassara littattafan Latin zuwa Ingilishi domin ’ya’yan ƙasa, shi da kansa ma ya sa hannu a fassarar, sa’an nan ya tara dokoki a kundi ɗaya da ake kira “dōmbōc”, watau littafin hukunci. Saboda haka tun kafin shekara ta 900 kalmar tana da fuska biyu, abin karantawa da kuma abin kafa hujja.

4.0 Bayan cin Ingila a 1066

Da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila cikin 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu har tsawon ƙarni uku ko kusa da haka, dubban kalmomin Ingilishi kuma suka ba da wuri. Iyalan “bōc” sun sha kashi ƙwarai a wannan zamani: “letter” ta kori “bōcstæf”, “clerk” da “scribe” suka kori “bōcere”, “library” ta gaje “bōchord”, “charter” kuma ta ƙwace ma’anar takardar mallaka. Amma uwar kalmar ta tsira, “livre” ta Faransanci ba ta iya kawar da ita ba.

Ma’anar hujja ma ba ta tafi tare da takardar mallaka ba, sheƙa kawai ta sake. A Kirsimetin 1085 Wiliyam ya ba da umarni a ƙidaya dukiyar ƙasar, gona da garma da dabba da injin niƙa na ruwa, da sunan mai su da abin da suke kawowa. Aka yi aikin cikin 1086, aka shigar da wurare fiye da 13,000 a kundi biyu, waɗanda har yanzu suna nan a Ma’ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew a Landan. Jama’a suka laƙaba wa kundin suna “Domesday Book”, watau Littafin Ranar Hisabi. Wajen 1179 ma’ajin sarki Richard FitzNigel ya bayyana dalilin sunan, cewa abin da littafin ya yanke ba a ɗaukaka ƙara a kansa, kamar hukuncin ranar ƙarshe.

Siffar kalmar ita ma ta sauya ta hanya biyu. Na farko jam’i. A Tsohon Ingilishi jam’in “bōc” shi ne “bēc”, da sauyin wasali irin na “foot” da “feet”. Da an ci gaba a haka, da yau jam’in littafi ya zama “beech”, daidai da sunan bishiyar nan. Amma a Ingilishin tsakiyar zamani sai kalmar ta bi ayarin sunaye masu ɗafa s, aka sami “bokes”, daga baya “books”. Na biyu wasali. Tsakanin wajen 1400 da 1600 dogayen wasulan Ingilishi suka yi wata babbar ƙaura, dogon o ya koma dogon u, daga bisani kuma a wannan kalma ya gajarce. Rubutu bai bi furuci ba. Harafin o biyu da ake gani a “book” tambarin tsohon dogon o ne, baki kuwa “buk” yake faɗi. A wasu sassan arewacin Ingila akan ji masu jan wasalin har yanzu, amma u suke ja, ba o ba.

5.0 Littafin ibada, littafin kotu, littafin ciniki

Ɗab’i ya yawaita littattafai. Gutenberg ya buga Baibul a Mainz wajen 1455, William Caxton kuma ya kafa maɗaba’a a Westminster cikin 1476. Bayan fitar littafin addu’o’in Cocin Ingila cikin 1549 da fassarar Baibul ta Sarki James cikin 1611, idan Bature ya ce “the Book” bai ƙara komai ba, Baibul yake nufi. A wancan zamani da shi ake rantsuwa a kotu, mai shaida ya dafa shi ya sumbace shi. Har akwai lokacin da iya karanta shi yake fansar wuya. Limamai suna da gatan kuɓuta daga hukuncin kisa na kotun sarki a wasu laifuffuka, hanyar gane limami kuwa ita ce a miƙa wa mutum littafi ya karanta, galibi farkon Zabura ta 51. Da tafiya ta yi nisa sai kowane mai karatu ya shiga cin wannan gata. Marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson ya kashe wani ɗan wasa cikin 1598, ya karanta, aka yi masa lalas a babban yatsa aka sake shi. An soke jarrabawar karatun cikin 1706, gatan kansa kuma cikin 1827.

A kasuwa kuwa wata ma’ana ce ta yi ƙarfi. Tsarin lissafi mai shigarwa biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa da aka buga a Venis cikin 1494, ya bazu a Turai, “the books” ta zama lissafin shiga da fitar kuɗin kamfani, “bookkeeper” kuma mai riƙe da shi. Daga waɗannan wurare uku, majami’a da kotu da kanti, yawancin salon maganar da aka gina a kan kalmar suka fito. Yin abu “by the book” shi ne bin ƙa’ida sau da ƙafa. “To bring to book” shi ne a tsayar da mutum ya amsa laifinsa. “To throw the book at someone” shi ne alƙali ya ɗora wa mutum iyakar hukuncin da doka ta yarda. “To cook the books” shi ne a yi wa lissafi algus. Wanda yake cikin “good books” na wani yana da fada a wurinsa, wanda yake cikin “bad books” kuwa ya shiga uku. Ɗalibin da ya fassara waɗannan da littafin karatu ya ɓata, domin babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi karatu. Yawancinsu rajista suke nufi, wurin da ake rubuta wa mutum abin da yake bi da abin da ake binsa.

Wata ma’ana da ta kan rikita ɗalibai ita ce ta babban kashi a cikin littafi guda. Waƙar John Milton mai suna Paradise Lost ta fito da “books” 10 cikin 1667, aka sake raba ta 12 cikin 1674, alhali kundi ɗaya ce. Wannan gado ne daga zamanin da ake rubutu a naɗaɗɗiyar takarda, inda dogon aiki yakan ci naɗi da yawa, kowane naɗi “liber” guda. Masu karatun hadisi da fiƙihu sun san irin wannan a Larabci, inda ake samun Kitabus Salati da Kitabuz Zakati a cikin littafi ɗaya.

6.0 Aikatau, da sauyin jikin littafi

Kafin jirgin ƙasa, matafiyi a Ingila yakan je ofishin masu keken doki ya biya kuɗi, akawu ya rubuta sunansa da ranar tafiyarsa a littafi. Wannan shi ne “booking”, ofishin kuma “booking office”. Kamfanonin jirgin ƙasa na farko, irin na Liverpool zuwa Manchester da aka buɗe cikin 1830, sun gaji wannan tsari, amma yawan fasinjoji ya fi ƙarfin alƙalami. Wajen ƙarshen shekarun 1830 wani shugaban ƙaramar tasha mai suna Thomas Edmondson ya ƙago tikitin kwali mai lamba, aka daina rubuta sunan kowa. Littafin ya tafi, kalmar ta zauna, har ga shi yau ana “booking” ta waya da intanet. Haka ɗan sanda yake “booking” wanda ya kama, watau ya shigar da shi a rajistar caji ofis. Haka alƙalin wasa yake yi wa ɗan ƙwallo, domin sunansa yake rubutawa a ɗan littafin aljihu; katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa daga baya ya zo, a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko. “Bookmaker” kuwa, wadda da take nufin mai haɗa littattafai, a ƙarni na 19 ta koma sunan mai rubuta cacar da aka zuba a kan dawaki.

Jikin littafin kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. Cikin 1935 kamfanin Penguin ya fara fitar da littattafai masu bangon takarda a kan sisi. Cikin 1964 hukumar UNESCO, domin sauƙin ƙididdiga, ta ƙayyade cewa littafi shi ne bugaggen abu wanda ba mujalla ba, mai shafi 49 ko fiye, ban da bango. Ba a yi shekara goma ba wannan iyaka ta fara zuba, domin cikin 1971 Michael Hart ya fara shigar da matani a kwamfuta, abin da ya zama tushen littattafan da ba su da takarda sam. Facebook, wanda aka kafa a jami’ar Harvard cikin 2004, ya ɗauko sunansa ne daga kundin hotuna da sunayen ɗalibai da wasu makarantun Amurka suke rabawa. A nan ma rajista ce ta ba da suna.

7.0 “Book” da “boko”

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato cikin 1903. Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano, cikin 1912 kuma ya fitar da ƙa’idojin rubuta Hausa da haruffan Rumawa. Wannan rubutu da wannan karatu su aka kira boko. Da yake kalmar ta yi kama da “book” a ido, kuma dukansu sun shafi makaranta, sai aka ɗauka ɗaya ’yar ɗaya ce. Maganar ta shiga littattafai, bayan rikicin Maiduguri na 2009 kuma jaridun duniya suka yi ta maimaita ta wajen bayanin laƙabin Boko Haram. Liman Muhammad ya yi gyara a kan wannan tun cikin 1968, inda ya nuna kalmar ta Hausa ce, Paul Newman kuma ya bi batun dalla-dalla a wata maƙala ta 2013. Idan aka ɗora maganar a kan ma’aunin da aka gani a kashi na 2, za a ga ta gaza ta fuska uku.

Ta farko furuci. Aron kalma ta kunne ake yinsa, Hausa kuma tana da hanyar da ta saba bi da wannan wasali na Ingilishi. “Cook” tana da amo ɗaya da “book”, baƙin farko kaɗai ya raba su, Hausa kuwa “kuku” ta mai da ita. “Cushion” ta zama “kushin”, “sugar” ta zama “suga”. Da an ari “book”, da “buku” za a ji, kuma haka aka yi a harsunan da suka are ta da gaske: “buku” a Lingala da Ciceewa, “bhuku” a Shona. Kada “bokiti” da “kofi” su ruɗi mai nazari, domin wasalin “bucket” da “cup” wani ne dabam a bakin Bature. Gaskiya ne tsohuwar siffar nan “bōc” tana da dogon o irin na “boko”, amma wannan furuci ya mutu shekaru ɗaruruwa kafin wani Baturen Ingila ya taka ƙasar Hausa.

Ta biyu ma’ana. Babu Bahaushen da yake cewa ya sayi boko uku a kasuwa, ko ya ajiye boko a kan tebur. Hausa ba ta da gurbin da za a cike a nan, domin tana da “littafi” daga “al-kitab” na Larabci, da “allo”, da “alƙalami”, da “tawada”, da “takarda”. Malamai suna karanta littattafai suna kwafarsu a Kano da Katsina tun kafin zuwan Almaghili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15. Hujja mafi ƙarfi da masu ra’ayin aro suke iya kawowa ita ce Turancin Buroka, inda “sabi book” take nufin mutum ya yi karatu. Amma ko ta wannan ƙofa kalmar ta shigo, wasalinta u ne, matsalar furuci tana nan daram.

Ta uku, kuma mafi nauyi, ita ce cewa “boko” tana da gida a Hausa wanda bai shafi makaranta ba. Ƙamus na G. P. Bargery na 1934 ya jera mata ma’anoni da dama, mafi yawansu a kan algus da yaudara da kambama abu ya fi yadda yake. Amaryar boko ita ce wadda akan fito da ita a bainar jama’a da rakiya da guɗa, alhali amaryar gaskiya dabam take. Biri-boko shi ne abin da yake da girma a ido, ciki kuwa fanko. Wannan tsohuwar kalma ita mutanen wancan zamani suka ɗora wa sabon rubutu da sabon karatu, suna bambanta shi da ajami da karatun da suka gada, wanda a ganinsu shi ne na ainihi. Watau sunan hukunci ne da suka yanke wa makarantar Nasara. Daga baya zafin sunan ya huce, har ya zama ana cewa rubutun boko ko ɗan boko ba tare da nufin zargi ba, kamar yadda wannan mujalla kanta da boko ake buga ta.

Kama da wane ba ta wane. “Hannu” ta yi kama da “hand”, ma’anarsu ma ɗaya, amma babu abin da ya haɗa su sai katari. Da kama kaɗai ta isa hujja, da an ce bokan Hausa ɗan’uwan “boka” ne ta Gotawa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda “book” ta taso daga alamar da ake sassaƙawa a itace, ta zama takardar mallakar ƙasa, ta zama kundin haraji da littafin rantsuwa da lissafin ɗan kasuwa, ta kuma haifi aikatau wanda ya rayu bayan littafin da ya haife shi ya ɓace. Itace ya ba fata wuri, fata ta ba takarda, takarda tana ba kwamfuta, amma ma’anar rubutun da ake dogara da shi ba ta gushe ba. Malamin da ya koya wa ɗalibansa wannan ya ba su mabuɗin salon magana da yawa a lokaci ɗaya. “Boko” kuwa daga kishiyar wannan ma’ana ta taso, daga abin da zahirinsa ya saɓa wa baɗininsa.

Gyaran wannan kuskure ba ƙaramin abu ba ne ga masu koyar da Hausa. Wanda ya ce “boko” daga “book” take ya ba ɗalibi hoton al’ummar da ba ta san littafi ba sai da Bature ya kawo mata, ya kuma shafe shaidar yadda kakanninsa suka karɓi makarantar mulkin mallaka, shaidar da suka bari a cikin kalma guda. Ya kamata a fitar da wannan magana daga darussan aron kalmomi a makarantu da kwalejojin horon malamai. Ya kuma kamata ɗaliban manyan digiri su yi wa “littafi” da “takarda” da “karatu” da “rubutu” irin bin sawun da Turawa suka yi wa tasu kalmar, ta hanyar tsofaffin rubuce-rubucen ajami da ƙamusoshin farko da harsunan maƙwabta, musamman Barebari da Azbinawa, waɗanda wasu daga cikin kalmomin nan ta hannunsu suka iso.